Gajere Gaba, Dogo Baya

Duk garejin da ke bayan tashar mota babu wanda ya kai Gajere tsawo. In zai shiga ofis sai ya sunkuya, in ya kwanta ƙarƙashin mota ƙafafunsa su tare hanya. Sunan ba daga jikinsa ya samo shi ba, daga ranƙwashi ne. Shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, yana koyon aiki, ya taɓa ɗaura shu ɗin birkin baya a juye. Ogansa ya zaunar da shi, ya ɗauko ƙarafan nan biyu masu lanƙwasa da ke buɗewa su matse durom, kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya, daga ciki in an taka birki, ya nuna masa fatar da ke manne a bayan kowanne. Ƙarfen girmansa ɗaya, amma fatar ɗaya gajera ce, ta ɗayan doguwa.

"Gajere gaba, dogo baya," in ji Oga, kowace kalma da ranƙwashinta.

Wuni guda ya sa shi yana maimaitawa. Kafin yamma sauran 'yan koyo sun raɗa masa suna, har yau kuwa matarsa ma da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Yanzu Gajere na da garejinsa, yana da furfura a gemu, yana da surukai. Amma ranar Asabar da safe da wayarsa ta yi ƙara ya ga lambar gidan Oga, sai da ya miƙe tsaye kafin ya amsa.

Babbar 'yar Oga ce, wadda kowa ke kira Lauya saboda aikinta ke nan, kuma ko ba aikinta ba ne da ya zama. Ta ce, "Kawu Gajere, ka ga bidiyon?"

Ya gani. Babu wanda bai gani ba. Ranar Talata Oga ya taso daga kantin magani a cikin Kurciya, tsohuwar motarsa ruwan toka wadda ta girmi Lauya da shekara shida. Ya taka birki a mahaɗar hanya, tayar baya ta dama ta cije, motar ta murguɗa gindi ta share teburin wani mai sayar da bokitan roba. Bokiti wajen arba'in suka bazu a titi suna gangarawa, ja da shuɗi da kore. Babu wanda ya ji ciwo. Sai dai wani mara aikin yi ya ɗauka da waya, har an sa wa abin kiɗa.

"Na gani," in ji Gajere.

"To ka zo da kayan aikinka. Yau za a yi ta ta ƙare."

Ya tarar da su a rumfar kwano da ke gefen gida, inda Kurciya ke kwana. Oga na zaune a kan kujerar mota da aka cire tun zamanin garejinsa, ya ɗora hannu biyu a kan sanda. Mama, matarsa, tana gefe a kan tabarma tana ninke tsummokaran goge mota, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Lauya kuwa a tsaye take, da waya a kowane hannu.

Gajere ya durƙusa ya gai da Oga. Oga ya amsa yana kallon wajen kafaɗarsa.

"Wa ya kira wannan?" ya ce. "Ni da na koya masa riƙe sifana, shi zai duba mini mota? Ke Lauya, wannan fa sai da ya shekara biyu kafin ya san inda ake juya noti ya kwance."

"Shekara ɗaya, Oga."

"Ka ji shi, har ya fara musu."

Lauya ta ce, "Ga yadda muka yi da Baba, Kawu, kuma ya amince a gaban Mama. In laifin motar ne, ta tsufa, a sayar. Akwai wani mai gidan abinci da zai zo ƙarfe huɗu, yana so ya cire injin ya sa tebur a ciki, a riƙa ɗaukar hoto. In kuma laifin ƙafar Baba ne, ya ba da makulli. Abin da ka faɗa shi ne hukunci."

"Tebur," in ji Oga. "A cikin motar da aka ɗauko ki daga asibiti kina tsala ihu kamar an taka wutsiyar kyanwa."

"Ihun ne ya ciyar da ni har yau, Baba."

Gajere ya dubi Kurciya, ya dubi Oga. Ya gane an jefa shi rami mai baki biyu: in ya wanke mota ya kama Oga, in ya wanke Oga ya kama mota. Abin da yake bukata shi ne laifi ɗan ƙarami, wanda za a gyara kafin ƙarfe huɗu, wanda kuma ba na kowa ba ne.

Ya karɓi makulli ya fita da ita layin bayan gida. Sai da ya tura kujera har ƙarshe, duk da haka gwiwoyinsa na gogar sitiyari. Injin kuwa lafiya lau, yana kaɗawa a hankali kamar numfashin mai barci. Ya ɗan ba ta wuta, ya taɓa birki da ɗan yatsan ƙafa kawai. Ƙiiii! Tayar dama ta baya ta kafe, motar ta karkata, ta bar baƙin layi a kwalta. Ya sake gwadawa, ta sake yi.

Da ya dawo ya ce, "Ba ƙafa ba ce. Ni ma ta yi mini."

Oga ya buga sanda a ƙasa. "Kin ji ko? Ƙafata ta fi kanki daidai."

"To mota ce ke nan," in ji Lauya, ta fara latsa waya.

"Tsaya tukuna, ranki ya daɗe. Ba a yanke hukunci kafin a ji shaidu. A wajenki na ji."

Ya sa dutse a gaban tayoyin gaba, ya ɗaga bayan motar da jak, ya tokare ta. Ya juya tayar dama da hannu, ta juya, da ɗan gurzawa kaɗan. Ya shiga ƙarƙashi ya bi wayar birkin hannu yana ja yana saki, ko ta yi tsatsa ta maƙale. Wayar na santsi, ta sha giris.

"Wayar hambirki yake dubawa ko?" in ji Oga. "Ina jin ƙararta. Ɓata lokaci. Duk wata nake shafa mata mai."

Gajere ya roƙi Mama ta shiga ta taka masa birki ta saki. Ta shiga ba tare da ta tambayi wanne ne birkin ba, ta gyara madubi ma tukuna. Ta taka, ta saki. Ya yi maza ya kwance ɗan notin fitar da iska na bayan tayar. In tiyon roba ya ruɓe daga ciki, yakan bar man birki ya shiga ya hana shi komawa, sai ka ga mai ya yi tsartuwa in an kwance. Gajere ya yi fatan tsartuwar nan kamar mai jiran ruwan fari. Mai ya ɗigo, ɗis, ɗis, cikin ladabi. Tiyo ba shi da laifi.

Ya leƙa bayan farantin da shu ke zaune a kai ko silindar birki na yoyo. A bushe. Ya shinshina ko man giya ya ɓullo ya jiƙa fata. Babu. Ya ma duba iskar taya, abin da ya san ba shi da haɗi da maganar, don dai ya ja lokaci.

"Saura durom," ya ce a hankali, ya cire tayar dama ya ajiye a ƙasa.

"Kada ka taɓa," in ji Oga. "Shu sababbi ne fil, sati biyu ke nan. Ni na ɗaura su da hannuna. In ka ga laifi a nan, to idonka ne."

Wayar Lauya ta yi ƙara, ta shige cikin gida tana faɗa wa wani cewa ba ta yarda ba. Oga ya tashi zai zagayo ya tsaya a kan aikin, kamar yadda ya saba tun da. Ya yi taku biyu, sai Mama, ba tare da ta ɗago daga tsummokaranta ba, ta ce can ƙasa-ƙasa, "Akwatin kaya, dama." Oga ya karkata hagu ya wuce. "Taya a ƙasa." Ya ɗaga ƙafa ya tsallake.

Gajere ya ji. Shi mutum ne da ya yi shekara talatin yana sauraren injin kafin ya taɓa shi, kuma wannan ƙarar ba ta yi masa daɗi ba. Ya sassauta majanyin shu, ɗan notin da ke daidaita su, ta ɗan ramin baya, ya ɗan bubbuga durom da guduma, ya zare shi.

Aikin tsaf. Sifirin da ke jan shu kowanne a raminsa, an goge farantin, an ɗiga giris inda shu ke gogawa, ɗigo uku-uku, irin na Oga. Ko a makaranta za a iya nuna shi. Sai dai fatar gaba doguwa ce, ta baya ma doguwa.

Gajere ya daɗe a tsugune. Ya zagaya hagu ya cire taya, ya zare durom. Gajere gaba, gajere baya. A jikin ɗaya har da guntun jan zare a ɗaure.

Abin ya fito fili. Dama ta kwashe fata mai yawa tana cafkar durom kamar mayunwaci, hagu na shafa shi kawai. Ko waye ya taka birkin nan sai motar ta yi rawa.

"Me ka gani?" in ji Oga a bisa kansa. Yana tsaye taku ɗaya daga tayar, fuskarsa na kallonta sosai. "Ka yi shiru. Ka ga aikin manya ko?"

"Na gani, Oga."

Mama ta hango zaren. "Af, zarena ne. Ashe ban cire duka ba." Ta matso tana karkaɗe zane. "Ai ka gode mini, Gajere. Kamfanin nan ba su da tsari ko kaɗan. Kwali guda, abu huɗu, sun cakuɗa su, dogo da gajere, dogo da gajere, kamar wanda ya yi shiri a guje. Ni na zauna na ware su, na haɗa kowa da ɗan'uwansa, na ɗaure. Da oganka ya ce in miƙo na dama, na ba shi masu kyan."

Gajere ya san Mama. Matar da ko cokulan gidanta ba sa kwana sai kowane ya sami tsaransa. Oga bai ji ba, ko ya ji bai kula ba, yana can yana ba da labarin wata motar ɗaukar marasa lafiya da ya taɓa gyarawa da igiyar shanya.

Gyaran bai ɗauki minti arba'in ba. Ya cire sifirin, ya ɗauke dogo ɗaya daga dama ya kai hagu, ya kawo gajere ɗaya ya sa a gaba. Ya mayar da durom ɗin dama, ya ja majanyi har fata ta fara taɓawa, ya sassauta kaɗan. Hannunsa na aiki, kansa na wani wajen. In ya faɗi gaskiya, Lauya ba yarinya ba ce, za ta tambaya yadda aka yi mutumin da ya ƙirƙiro ranƙwashin gajere gaba ya kasa ganin fata biyu a tafin hannunsa. In ya yi ƙarya, jibi Oga zai sake hawa titi, Mama na gefe tana karanta masa hanya kamar jarida. Ya tuna bokitan nan suna gangarawa. Ya tuna kuma akwai makarantar yara daura da kantin maganin.

Amma da Lauya ta fito ta tsaya a kansa ta ce, "To, Kawu?" sai bakinsa ya riga shi.

"Tiyo ne," ya ce, yana goge hannun da ya riga ya goge. "Tiyon birki. Ya toshe daga ciki. Na... na busa shi. Yanzu lafiya lau."

"Ka busa shi," in ji Lauya.

"Ka busa me?" in ji Oga.

"Tiyo, Oga."

"Kai Gajere. Dube ni nan." Oga ya juyo da fuska wajen muryar. "Ina zaune na ji ka kwance notin iska. Mai ya yi tsartuwa? Ɗis-ɗis na ji a kan kwali. Kuma tun yaushe ake busa tiyon birki, ƙaho ne? Na ji ka cire sifirin huɗu a dama, huɗu a hagu. Mai gyaran tiyo me ya kai shi sifirin? Jama'a za su ce a wajena ka koyi wannan shirmen. Sata ma in za ka yi, ka yi ta da ilimi."

"Baba, yana ƙoƙarin taimakonka ne fa, in ban yi kuskure ba," in ji Lauya, idonta ƙyam a kan Gajere.

"Ya taimaki kansa. Me ka canza?"

Durom ɗin hagu bai riga ya rufe ba. Oga ya ba Mama sanda, ya dafa motar, ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya miƙa hannu ya lalubo shu na gaba, ya bi fatar da babban yatsa daga sama har ƙasa. Ya koma na baya, ya bi. Ya sake komawa na gaban, ya tsaya a inda jan zaren yake. Ya murza shi tsakanin yatsu.



"Ke," ya ce wa Mama, bai juyo ba. "Da na ce ki haɗa su biyu-biyu, yaya kika haɗa?"

"Yadda mai hankali zai haɗa. Dogo da dogo."

"Shekara arba'in da bakwai kina auren bakanike."

"Shekara arba'in da bakwai kana cewa kada in taɓa maka kaya. Sai bara waccan ka fara cewa miƙo wannan, karanta wancan. Ka taɓa zaunar da ni ka koya mini? Ko ranƙwashin ma ban samu ba."

Lauya ta sa wayoyin biyu a jaka. Gajere bai taɓa ganin hannunta babu waya ba.

"Bara waccan," ta ce. "Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

"Kin ɗaga ne? Ba ki da tarbiyya, ki rasa wanda za ki ɗaga wa yatsa sai ubanki."

"Baba."

Oga ya zauna daɓas a kan tayar da ke ƙasa. "Kamar an shafa giris a gilashi," ya ce. "Idon dama ya fi muni. Ina ganin mota, ina ganin mutum. Sai dai ban san ko waye ba sai ya yi magana. Hanya kuwa na haddace ta, uwarki na cika sauran."

"Yanar ido ce," in ji Mama. "Tun bara likita ya ce aikin rabin awa ne. Ya ce shi ba zai kwanta wa makanikan da ke gyara ba su kashe inji ba."

Lauya ta juya baya ta kalli bango na ɗan lokaci. Da ta juyo muryarta ta dawo ta kotu. "Makulli, Baba."

"A kan wane dalili?" Oga ya ɗago, har ya ɗan murmure. "Ke kika tsara magana, ba ni ba. In mota ce a sayar. Gajere, mota ce?"

"Ba mota ba ce, Oga."

"In ƙafa ce in ba da makulli. Ƙafa ce?"

"Ba ƙafa ba ce."

"To ina aka ambaci ido? Nuna mini. Kuɗin makarantarki dai ya tafi a banza."

Gajere ya sunkuyar da kai yana ɗaure notin tayar dama, yana danne dariya. Sai dai ya san in ya bar maganar a nan, ƙaryar tiyo ce ta ci, ta wata ƙofar. Ya ajiye sifana.

"Oga," ya ce, "kai ka koya mini ba a sakin mota daga gareji in an san za ta dawo a kan janwe. Na gyara birki. Amma ni ban sallame ta ba, in kai za ka ja."

Bai taɓa yi wa Oga magana mai tsawon haka ba. Ya jira sanda.

Oga ya daɗe yana kallon wajen da yake zaton fuskar Gajere take. Sannan ya yi tsaki, ya laluba aljihu, ya tuna makullin na jikin mota.

"Ba zan ba Lauya ba," ya ce. "Ta kai wa mai tebur."

"Ba sai ka ba kowa ba," in ji Mama. Ta riga ta buɗe ƙofar direba. "Wa yake shigar da ita rumfar nan da baya kullum, tun ranar da ka kwashe ginshiƙi? Sauke ta, Gajere, mu ji aikinka."

Lauya ta dubi uwarta, ta dubi ginshiƙin, wanda sai yanzu ta lura sabo ne. "Mama, kina da lasin?"

"Ke ce lauya, ki nemo mini. Ranar Litinin ki kai ubanki a wanke masa gilashi, ni ki kai ni makarantar tuƙi su ba ni takarda. In ya warke mu yi magana."

Gajere ya rufe durom ɗin hagu, ya ɗaura taya, ya sauke jak. Kafin Oga ya shiga mota ya tsaya, ya cire hula, ya miƙo kansa mai sanƙo wajen Gajere.

"Kalma huɗu ce," ya ce. "Rama abinka, kada ka bi ni da shi lahira."

Gajere ya ɓoye hannuwansa a baya. "Wallahi Oga ba zan iya ba."

Mama ta zuro hannu ta taga ta sauke wa Oga ranƙwashi ɗaya mai kyau, ƙwas. "Sauran ukun na ajiye," ta ce. "Shiga."

A layin baya kawai aka yarda ta gwada, Gajere da Lauya na baya, gwiwoyin Gajere a haɓarsa. Kurciya ta tafi sumul. Daidai baƙin layin da ta bari ɗazu Mama ta taka birki, motar ta tsaya cak, a miƙe, ko ƙis.

"Da ƙarfi kika taka," in ji Oga daga kujerar gefe. "Kuma kin cika bin dama. Yi hagu kaɗan."

"Ka ga hagun ne?"

Wayar Lauya ta yi ƙara a cikin jaka. Mai gidan abinci ne, ya iso ƙofar gida, yana tambaya ko tebur mai mutum huɗu zai shiga.

"Ba ni shi," in ji Oga, yana miƙa hannu ta inda ba nan wayar take ba. "Ba ni shi in gaya masa inda zai sa teburin."